Adas ɗin Halti Mas'uda

A masaukin ɗalibai mata na jami'ar garinmu, can gabashin Aljeriya, duk yarinyar da ta kwana uku ta san abu biyu: ruwan zafi ba ya hawa bene na huɗu, kuma adas ɗin Halti Mas'uda, ƙananan waken nan masu faɗi da ake dafawa da romo, ba shi da gishiri. Na farkon ana yi masa uzuri, a ce laifin famfo ne. Na biyun kuwa ba wanda ya taɓa nema masa uzuri, har ita mai girkin.

Shekara ashirin da huɗu ta yi a kan babbar tukunyar nan. Gajeriya ce kakkaura, da ɗan shuɗin zane a haɓa irin na matan kan dutse na da, sai ta taka benci take ganin cikin tukunya. Talata da Asabar adas, Lahadi farin wake, Litinin taliya, Juma'a kuskus, sauran ranakun abin da ya samu. 'Yan mata dubu da ɗari biyu ke bin layi da tikiti a hannu. Kaɗan ne ke ɗaukar tire su zauna a zaure. Mafi yawa roba mai murfi suke miƙowa, a zuba musu, su saƙale burodi a hammata su haye sama. Adas ɗin kuwa kullum yadda yake: ruwa tsululu, ƙwayar tana garas-garas a haƙori, ga rabin ɗanyar albasa da ɗanyen tumatir an ɗora a kai. Tun da daɗewa suka laƙaba mata suna Halti Ba-gishiri, wato Inna Ba-gishiri, kuma ba a bayan idonta kaɗai ba.

Sai dai wanda ya san ta tun tana ƙauye, in ya ji wannan suna baki yake riƙewa. Uwarta mai girkin biki ce, ita ma a gindin murhu ta tashi. Tana 'yar shekara goma sha biyu take murza kuskus na mutum ɗari, kafin ta cika ashirin da biyar ƙauyuka uku na rububinta. In aka ce Mas'uda ce a kan tukunya, har wanda ba a gayyata ba sai ya tuna kakarsa da kakar ango 'yan ɗaki ɗaya ne. Ta auri Ammar, direban motar ɗalibai, suka dawo birni. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi ya bar ta da 'ya'ya uku, jami'a ta tausaya mata ta ba ta gurbi a kicin. Ba ta shekara ba babban kukun ya yi ritaya, aka miƙa mata ludayi.

Wata huɗu na farko girkin biki ta yi musu. Ta daka tafarnuwa da jan barkono, ta soya albasa har ta yi ja, ta bar adas ya nuna luguf, ta zuba haɗin yajin uwarta wanda take ɗaurowa a ƙyalle daga gida. Sannan ta tsaya a taga tana jiran abin da ta saba ji a gidan biki. Shiru. Tire ya riƙa dawowa da rabi, masu roba kuma ba mai cewa komai. Ta ce a ranta 'yan boko ne, harshensu ya mutu.

Wata Talata da la'asar mai kula da masauki ta roƙe ta ta kai wa wata yarinya marar lafiya abinci a bene na uku. Ma'aikatan kicin ba sa hawa sama, ita ma ba ta taɓa hawa ba. Ta cire farar hula da rigar aiki, ta yafa mayafi ta hau. Tun daga matakala ƙamshi ya tare ta, kowace ƙofa da irin nata. Da ta zo wucewa ta wurin wanke-wanke sai ta ga 'yan mata biyar a bakin famfo, kowacce da madambacin kuskus a hannu, ta juye adas a ciki ta sakar masa ruwa. Jar miyar da ta yi awa uku tana haɗawa ce ke bin makwarara.

Ba su gane ta ba, sun ɗauka uwar wata ce ta zo ziyara. Ta ce, "'Yan mata, me kuke yi haka?"

Wata 'yar bakin teku ta ce, "Wanka muke yi masa, Halti. Matar nan ta ƙasa kashe mu za ta yi da yajin ƙauyensu."

Wata baƙa doguwa 'yar sahara ta yi tsaki. "Yaji? Ina yajin yake? Wannan ai abincin masu jinya ne. Zo ɗakina ki ga yaji."

Ta ukun, 'yar yankin duwatsun Kabiliya, ta ce ita duk abin da ba man zaitun ɗin gonarsu ne a ciki ba, ba ta kiran sa abinci. Sai ta farkon ta ƙara da cewa, "Ni da za ta ji shawara ma, ta daina dafa shi yana narkewa. Kina mayar da shi wuta ya zama kunu."

Mas'uda ta wuce. A ɗakin marar lafiyar ta ga abin da ya rage mata ta gani: ɗan murhun lantarki na yumɓu mai nannaɗaɗɗiyar waya, an jawo shi daga ƙarƙashin gado, da ƙaramar tukunya a kai. A saman kabad ga kwalaben mai, da ƙullin yaji, da busasshen nama, duk abin da uwa ke cusa wa 'yarta a jaka ranar komawa makaranta. Kusan kowane ɗaki haka yake. Yaran ba abincin jami'a suke son ci ba, hannun iyayensu mata suke nema, kuma ba su da kuɗin sayen adas a kasuwa, sai su wanke nata su sake.

Ta ji zafin abin ƙwarai, ba a magana. Ta sauko ta shiga ɗakin ajiya ta zauna a kan buhun albasa ta yi kuka, ta fyace hanci, ta yi rantsuwa cewa miyarta ba za ta sake bin makwarara ba.

Asabar da ta biyo baya aka fara abin da ita kanta take kira rabin girki. Wanda bai san aiki ba zai ɗauka lalaci ne, alhali ya fi cikakken girki wuya. Sai ta tsaya a kan benci tana tsamo ƙwaya tana latsawa tsakanin yatsu, daidai lokacin da bayanta ya yi laushi cikinta bai sake ba ta ce a sauke, don saura minti goma sha biyar ɗin na murhun sama ne. Ruwa ta bar shi da yawa, don wayar nan tana ƙone tukunya da wuri. Gishiri ko ƙwaya. Albasa da tumatir ɗin da za ta soya ta raba su ɗanye, kowa ta yi yadda uwarta ke yi. Taliya ta tsame ta da sauran ƙarfi, dankali ta yanka shi manya.

Wanda ya fara lura shi ne Ammi Lahdar, wato Baffa Lahdar, mai fitar da durom ɗin ragowar abinci. Ya zo ya tsaya a bayanta ya ce, "Hajiya Mas'uda, da durom huɗu nake ja, yanzu ɗaya ma ba ya cika. Abinci ya lalace amma ana cinyewa. Ko dai asiri kika yi musu?" Ta gaya masa, shi kaɗai, ta ce ya riƙe bakinsa, don murhun nan tun asali haramtacce ne, hukuma dai ta kau da kai ne kawai.

Ba za a ce kowa ya ci riba ba. 'Yan tsirarun da ba su da murhu, masu zama a zaure, sun sha wuya, gishiri da dakakken barkonon da take ajiye musu a tebur ba sa gyara ɗanyen adas. Takan ɗan ajiye musu na ƙasan tukunya da ya fi nuna, iyakar abin da ta iya ke nan.

'Yan matan da suka ga canjin suka gama suka tafi. Na bayansu suka gaji murhu, suka gaji madambacin da ba su san amfaninsa ba sai ranar Juma'a, suka gaji sunan Ba-gishiri. Ba wadda ta taɓa tambayar kanta me ya sa abincin banzan nan yake karɓar kowane irin yaji. Sunan ya fita har gari. Wata shekara an riga an yi magana da ita kan wani biki, ƙanwar amarya da ta taɓa zama a masaukin ta ce, "Wa? Ba-gishiri? So kuke dangin ango su koma da yunwa?" Daga nan kiran biki ya ja baya, har ya ɗauke gaba ɗaya. Madambacin uwarta na jan ƙarfe, wanda ya ci bukukuwa sun fi ɗari, ta rataye shi a ƙusa a bayan ƙofar kicin, nan ya zauna.

Saura mata wata goma sha huɗu ta yi ritaya aka kawo sabon darakta, Si Buzid, wato Malam Buzid. Matashi ne mai son aiki, ba mugu ba, kuma irin waɗannan sun fi wuyar sha'ani. Ranar da ya fara aiki ya ɗauki tire ya bi layi ya zauna cikin ɗalibai, ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali. A makon nan kuma takarda ta zo daga sama, saboda gobarar da aka yi a wani masauki a wani gari: duk ɗalibar da aka kama da murhu ta rasa gadonta. Ya manna ta a ƙofa. Bai hau bene ba, don namiji ba ya hawa wurin 'yan mata sai da dalili a rubuce, masu gadi mata kuwa da ya tambaye su suka ce su ba su taɓa ganin komai ba.

Sai ya raba takardar jin ra'ayi, mai gida biyar, daga "na gamsu ƙwarai" zuwa "ban gamsu ba sam". Tara cikin goma suka cika gidan ƙarshe. Wakiliyar ɗalibai, Siham, 'yar wani garin dabino a sahara mai karatun haɗa magunguna, ba ta tsaya a gida biyar ba, ta juya bayan takarda ta rubuta cewa akuyar gidansu ma sai an roƙe ta za ta ci. Siham ɗin nan kuwa duk bene na uku an san ɗakinta, don ranar Talata har layi ake yi a ɗanɗana adas ɗinta.

Si Buzid ya kira Mas'uda ofis, ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata kofi. Ya ce, "Halti, ni na yi tambaya a kanki. Gwaggona ta ci girkinki a wani biki shekara talatin da suka wuce, har yau in ta tuna sai ta lumshe ido. Mai hannu irin wannan ba ta manta gishiri shekara ashirin da huɗu. Ruwa ba ya tsami banza. Mene ne?"

Ta ce, "Gwaggonka Allah ya ƙara mata lafiya, Si Buzid."

Ya jawo takardunsa gabansa. Ya ce to ranar Talata kwamiti zai ɗanɗana daga tukunyar da ake zuba wa kowa, da shi, da likitan masauki, da wakiliyar ɗalibai, sakatare na rubutawa. In girki ya yi kyau, tukunya tata ce, amma sai ta yi wa kwamiti bayanin shekarun baya, don a san inda gyara yake. In kuwa bai yi ba, za a rubuta hannu ya gaji, a kawo kuku mai takarda, ita ta koma wajen wanke tire har ta cika lokacinta.

Ammi Lahdar ya same ta a bayan kicin tana tsince adas. Ya ce, "Ki gaya masa mana, baiwar Allah! Ai abin yabo ne."

"In na faɗa sakatare ya rubuta. In aka rubuta, dole ya hau bene. Ɗaki ɗari huɗu, Lahdar. Yarinyar da ta rasa gado, kana ganin ubanta zai kama mata haya a gari? Gida za ta koma, karatu ya ƙare."

"To ki yi girkinki mai kyau, ki shara musu ƙarya."

"Wace ƙaryar? In ce aljani ne ya riƙe min gishiri, jiya ya sake ni?"

Ya ce, "Su waɗanda kike karewa, su ne fa suka rubuta akuya."

Ta ce, "Yara ne." Ta ci gaba da tsince tsakuwa.

Amma kada a ce abin bai dame ta ba. Ranar Talata da safe ta zo da ƙullin ƙyallen nan na yajin uwarta a cikin riga, Lahdar ya ji ƙamshinsa tun daga ƙofa. Sau ɗaya dai take so, kafin ta bar gidan nan, ta ga mutum ya kai loma ya ɗago ya dube ta. Wajen sha ɗaya da rabi ta hau benci, ta tsamo ƙwaya ta latsa. Bayanta ya yi laushi, cikinta bai sake ba. Ta ciro ƙullin ta riƙe shi a saman tukunya, tururi na dukan hannunta. Ta taga tana hango layi ya fara taruwa a tsakar gida, kowacce rungume da robarta. Ko tausayi ne ya rinjaye ta, ko tsohuwar rantsuwar nan ta kan buhun albasa, ita ma da wuya ta iya rabewa. Ta mayar da ƙullin cikin riga ta ce, "A sauke."

Kwamiti ya zauna a teburin gaba. Likita ya tauna sau biyu ya nemi ruwa. Siham ta ɗaga cokali ta bar ruwan ya tsiyaye, ta ce, "Halti, don Allah adas ɗin ya ga wuta kuwa, ko labarinta aka ba shi?" Aka yi dariya har da sakatare. Si Buzid bai yi ba. Ya dubi layin masu roba da ke wucewa suna haye matakala, ya dawo ya dubi Mas'uda, ya daɗe yana dubanta.

Ya ce, "Ba ki da abin cewa, Halti?"

Ta ce, "Tsufa ne, Si Buzid."

Ya gyaɗa wa sakatare kai, aka rubuta.

Sabon kukun, Nabil, ya zo da takardar makarantar girki da farar hula mai tsayi, kuma gaskiya ya iya. Adas ɗinsa ja ne, mai kauri, ya nuna luguf, gishiri daidai. Masu zama a zaure suka ƙaru, waɗanda ba su da murhu suka yi hamdala. Da aka sake raba takarda a ƙarshen zango, yawanci suka cika gidan tsakiya, wasu har na biyu, aka buga sakamakon aka manna a allo. Ammi Lahdar dai ya koma jan durom uku, kuma sau biyu ana kiran mai gyaran famfo ya buɗe makwararar bene na uku, amma waɗannan ba sa cikin takarda.

Mas'uda tana bayan kicin, hannu cikin ruwan kumfa daga hantsi zuwa la'asar. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ta rage magana.

Wata Talata bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Siham ce, da roba a hannu, tana waige-waige.

"Halti, sannu da aiki. Ba ki da wani madambaci da ba a amfani da shi? Namu ɗaya ne a benen, layi ake yi masa."

Mas'uda ta dubi robar, ta dubi yarinyar. Ta goge hannu a zani, ta miƙa bayan ƙofa ta sauko da na jan ƙarfen, ta hure ƙura ta ɗauraye shi ta ba ta.

"Da ruwan sanyi, 'yata, kuma ki sassauta famfon. Kada ki sa cokali, girgiza shi za ki yi a hankali, in ba haka ba ya narke miki a hannu."

"Ai ko me aka yi masa narkewa yake," in ji Siham. "Kina ɗora shi ya zama kunu. Ga gishirin ya riga ya shige ciki, ba ya fita." Ta juya madambacin tana duba aikin maƙerin da ke jikinsa, ta yi 'yar dariya. "Wallahi Halti, kada ki ji haushi, naki ba shi da daɗi ko kaɗan, amma yana jin magana. Duk abin da ka ce ya zama, sai ya zama."

Mas'uda ta ce, "Je ki, zai huce."

Yarinyar ta cusa madambacin cikin mayafi ta tafi. Ammi Lahdar na tsaye da durom ɗinsa, ya ji komai. Ya ce, "To, Hajiya, kin ji. Bayan shekara ashirin da huɗu an yabe ki."

Ta leƙa waje. Bututun da ke saukowa daga benaye ta jikin bangon nan ya bi, ya zube a buɗaɗɗen lambatu dab da ƙofa. Ba a jima ba ya fara ƙugi, ruwa ya fito ja, da 'yan ɓarɓashin soyayyar albasa a kai, yana ƙamshin tafarnuwa. Ta tsaya ta bi shi da kallo har ya shige ƙarƙashin katanga. Daga cikin kicin ana jin Nabil yana fito, yana shirin girkin gobe.

Ta ce, "Lahdar, jawo murfin nan ka rufe lambatun. Kada yaron nan ya fito ya gani."